Sudan: Yadda makaɗi ke komawa ga jitar bes bayan ya daɗe da ajiye ta

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya raba makaɗa da yawa da kayan sana'arsu. Dakarun RSF sun kama Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disambar shekarar, kafin sojoji su ƙwato shi a Janairun 2025. Ga makaɗin da ya koma Kamlin ko wani ƙauyen Hausawa a gaɓar Shuɗin Nilu ya tarar da jitarsa, akwai sauran aiki kafin ya sake tsayawa a filin biki.

Jitar ce farkon abin dubawa. Zafi yana lanƙwasa wuyanta, tsirkiyoyinta huɗu suna tsatsa, ƙura kuma tana toshe ramin da ake soka waya. Ba ta da amo sai da amsa-kuwwa, don haka rashin lantarki babban cikas ne.

Sai hannu. Kantar yatsu tana bajewa, tsirkiyar bes kuwa kauri gare ta. Minti ashirin kullum ya fi awa uku rana guda, wadda kan bar bororo a yatsa.

Kunne shi ne bai cika mantuwa ba. Yawancin waƙoƙin tsakiyar Sudan a kan sauti biyar aka gina su, kamar kiɗan Hausa da dama. A'isha Falatiya, mawaƙiyar Rediyon Omdurman wadda asalinta Bahaushiya ce, ta yi waƙa da Larabci da Hausa.

Babbar matsalar ita ce kasuwa. Mai ogan shi kaɗai yana fitar da bes da ganga, ya kuma fi cikakken rukunin makaɗa araha ga mai biki.