Gigin Tsufa: Abin da Ake Faɗa, da Abin da Yake Gaskiya

A unguwannin Suleja, idan tsohuwa ta fara cigiyar mijinta da ya daɗe da rasuwa, ko ta fita da asuba aka tsinto ta a hanyar Madalla ba ta san inda ta dosa ba, ba a rasa masu fassara. Wannan ta ce sammu ne, wancan ya ce aljanu, wasu kuma cikin raɗa su ce maitarta ce ta fara tonuwa. Zargin maitar shi ya fi muni, don mai gigin tsufa tana iya amsa duk laifin da aka ɗora mata. Ƙwaƙwalwar da za ta yi musu da ita ce ta taɓu.

Ciwo ne, kuma likitoci sun san shi. A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana lalacewar da ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta. Cutar da aka sa wa sunansa ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan larura, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani nau'in kuma toshewar jijiyoyin jini ke kawo shi.

Masu cewa ciwon Turawa ne sun yi kuskure. Cikin mutum fiye da miliyan 55 da ke fama da shi a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙar fatar Indiyanafolis a Amurka, ya nuna cutar ta fi yawa a can, amma a Ibadan ma an same ta.

Haka nan ba kowane tsoho ke ruɗewa ba. Dattijo ya manta inda ya ajiye carbi, wannan tsufa ne. Ya kasa gane hanyar masallacin da ya shekara 40 yana salla a ciki, wannan na likita ne.

Gaskiya ne har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, saboda haka mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa kuɗi kawai zai karɓe. Gaskiya ne kuma hawan jini da ciwon suga suna da hannu. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14, har da taba, raunin ji da kaɗaici, waɗanda kauce musu zai iya hana ko jinkirta gigin tsufa ga kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa da shi.

Akwai kuma ruɗewar da ke saukar wa tsoho cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko wani maganin da ya sha, kuma tana warkewa. Irin wannan a kai shi Babban Asibitin Suleja ranar da aka lura.