Ja Daban, Ɗauka Daban: A-kori-kura Mai Rabin Tan da Gidan da Take Ja

A Amurka da Kanada mutane da yawa na yin hutunsu, wasu ma zaman dindindin, a cikin gida mai taya wanda ake ja da mota. Da sanyi ya kunno kai a jihohin arewa, tsofaffin da suka yi ritaya sukan ɗaura gidajensu a bayan a-kori-kura su nufi Arizona ko Texas ko Florida, ba su dawowa sai ƙanƙara ta narke. Cikin irin waɗannan gidaje, manyan su ne waɗanda ake kira masu "taya ta biyar". Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin manyan motoci ya ga yadda ake haɗa kan tirela da bodinta ya riga ya san tsarin. Akwai faranti na ƙarfe mai tsaga a bayan kan motar, akwai fegi a ƙarƙashin gaban bodin, fegin ya shige tsagar ya kulle. Haka abin yake a nan, sai dai farantin ƙarami ne, kuma a cikin bodin a-kori-kurar ake ɗaure shi, daidai saman tayoyin baya. Gaban gidan kuwa ya yi tsayi ya haye kan bodin, kuma a can sama galibi ɗakin kwana yake.

Wannan tsari ya fi ƙugiyar da ake maƙalawa a gindin mota natsuwa a kan hanya. Gidan ba ya yawan kaɗawa idan iska ta taso ko babbar mota ta wuce, shan kwana ma ya fi sauƙi. Shi ya sa masu ƙananan a-kori-kura, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado 1500 da Ram 1500 da Toyota Tundra, suke kwaɗayinsa. Waɗannan su ake kira masu rabin tan, sunan da suka gada tun zamanin da kayan da suke ɗauka bai wuce kilo 450 ba. Na yanzu sun fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma kamfanoni ba su gajiya da faɗa. A shekarar 2021 Ford ta yi tallar cewa wani samfurin F-150 na iya jan kusan kilo 6,350. Mai mota ya ji wannan, ya dubi gida mai kilo 4,500, sai ya ga ai da saura.

A nan ne lissafin yake karkacewa, domin gidan ba ja kaɗai yake buƙata ba. Wani kaso na nauyinsa a kan motar yake zaune. Mai amalanken jaki ya san wannan: jakin da zai ja buhu goma idan lodin ya daidaita a kan taya, shi ne zai durƙushe idan aka tara buhunan a gaba suka danne masa baya. Gidan da ake ja da ƙugiyar gindi yakan ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. Mai taya ta biyar kuwa yakan ɗora kashi 15 zuwa 25, kuma masu harkar sukan yi lissafi da 20. Da gangan aka ƙera shi haka, wannan dannewar ce take ba shi natsuwa.

Adadin da ya kamata a fara dubawa yana jikin ƙofar direba, a wata 'yar takarda mai launin rawaya da fari da aka liƙa. Ita ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta ba 'yar'uwarta ba, za ta ɗauka. Dokar Amurka ce ta wajabta ta, bayan haɗurran fashewar tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer da suka sa majalisar ƙasar ta yi dokar TREAD a 2000. Tundra ko F-150 da aka shigo da ita 'yar kwatano daga Amurka ma tana ɗauke da wannan takarda idan ba a ɓanɓare ta ba. Babban adadin ɗauka da ake gani a talla na motar da aka tsiraita ne, mai ƙofa biyu, marar kayan alatu. Motar da iyali suka fi saya, mai ƙofa huɗu da giyar taya huɗu da kujerun fata da rufin gilashi, duk waɗannan abubuwa sun riga sun ci daga rabonta, sau da yawa abin da ya rage bai wuce kilo 650 zuwa 850 ba.

A ɗauki misali. Gida mai kilo 4,500 idan an cika shi zai danna kilo 900 a kan farantin. Farantin kansa da ƙarafunansa ya kai kilo 90. Miji da mata da yara biyu, a ce kilo 250. Akwatin kayan aiki da jakunkuna, kilo 50. Jimla kilo 1,290, a kan motar da takardarta ta ce 750. An zarce da fiye da rabin tan, alhali injin bai ma fara gumi ba. Motar za ta tashi, za ta yi gudu, har direba ya yi ta yabonta.

Abin da ke shan wahala yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kusan duk nauyin fegin a kan aksil ɗin baya yake sauka, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kuma shi ma yana da tasa iyaka a rubuce a jikin ƙofa. A irin waɗannan ƙananan motoci, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗaukar nauyi, a kan boris guda a kowane gefe. A manyan yayyensu kamar F-250 ko Silverado 2500 an raba aikin: kwanson aksil ɗin ya ɗauki nauyi, sandar ta yi juyi kawai. Sai taya. Yawancin masu rabin tan da taya irin ta motar fasinja suke fitowa, mai laushin gefe don daɗin zama. Idan lodi ya yi mata yawa takan riƙa lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a cikinta, a kan kwalta mai ƙuna ta hamadar Arizona kuwa ƙarshenta fashewa. Tayar baya ta fashe ana gudun kilomita 100 a awa da gidan tan huɗu da rabi a wuya, ba abu ne da zan so wa kowa ba, balle da yara a kujerar baya.

Ba na cewa adadin ja da kamfanoni ke bugawa ƙarya ne. Akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807, wadda Toyota ta fara bi a 2011, sauran manyan kamfanonin suka biyo baya wajen 2015. Cikin gwajin har da hawan hanyar Davis Dam a Arizona, tudu mai tsawon kilomita 18, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a ƙure, kuma ba a yarda gudu ya faɗi ƙasa da kilomita 64 a awa ba. Gwaji ne na gaskiya. Amma da mutum biyu kacal ake lissafinsa, kowanne kilo 68, babu yara, babu kare, babu janareta a bodi.

Masu ƙera gidajen, waɗanda akasarinsu ke kewayen garin Elkhart a jihar Indiana, sun gane kasuwar. Suna fitar da samfura da sunan cewa mai rabin tan za ta iya jan su, kuma a wannan wuri nake ganin ana yi wa mai saye rufa-rufa. Nauyin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe na gidan da babu komai a ciki ne. Ba wanda ke tafiya hutu da gida fayau. Za a cika tankin ruwa, kuma kowace lita kilo guda ce. Za a sa tukwanen gas da batura, wuraren ajiye su kuwa a gaba suke, kusa da fegi. Babban ma'ajin kaya ma a ƙarƙashin ɗakin kwana yake. Duk abin da aka ƙara, rabo mai tsoka a kan motar zai faɗa. Mai hankali da iyakar nauyin gidan a cike yake yin lissafi.

Wasu sukan ce ai akwai dabara: a sa jakar iska a kan sifirin, bayan motar ya daina zama. Gaskiya ne motar za ta miƙe ta yi kyan gani. Aksil da boris da birki kuwa suna nan yadda kamfani ya yi su, adadin da ke jikin ƙofa bai ƙaru da kilo ko ɗaya ba. Akwai kuma matsalar gajeren bodi. Yawancin masu ƙofa huɗu bodinsu bai kai mita biyu ba, idan aka sha kwana mai tsanani kusurwar gidan takan daki gilashin baya. Maganinsa faranti mai zamewa baya, shi kuma ya fi na gama-gari nauyi, ya sake cin wani abu daga ɗan rabon da ya rage.

Birki ma abin tunani ne. Gidan yana da nasa birkin na lantarki da ake sarrafawa daga cikin mota, kuma dole a saita shi daidai. Amma a doguwar gangara irin ta babbar hanyar I-70 a duwatsun Colorado, bayan an fito daga ramin Eisenhower da ke tsayin kusan mita 3,400, birki kaɗai zafi yake yi ya saki. Da ƙaramar giya ake saukowa. Manyan a-kori-kura masu dizal suna da birkin inji na musamman don irin wannan wuri, abin da mafi yawan ƙananan ba su da shi.

To, akwai halin da abin yake yiwuwa lafiya lau? Akwai, amma ƙofar ƙunci gare ta. Sai a juya lissafin a fara daga mota. Idan takarda ta ce kilo 800, a cire mutum biyu 160, faranti 70, tarkace 40, saura 530. Wannan ya isa gida mai kilo 2,650 a cike. Ana samun irinsu, kamar Escape 5.0 da ake ƙerawa a Chilliwack ta Kanada, ko ɗan ƙaramin Scamp na jihar Minnesota, gidaje ne na mutum biyu masu ƙaramin buri. Ford ma ta taɓa sayar da F-150 mai ƙarin sifirin da taya mai ƙarfi wadda ke ɗaukar abin da ya kusa tan ɗaya da rabi, sai dai ba kasafai ake cin karo da ita ba.

Wanda ya riga ya haɗa nasa, sikeli ne zai raba masa gardama. A tashoshin manyan motoci na Amurka akwai sikelin CAT da ke auna kowane aksil daban, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A hau sau biyu, da iyali da kaya yadda za a yi tafiyar: sau ɗaya da gidan, sau ɗaya babu shi. Bambancin nauyin motar tsakanin awon biyu shi ne ainihin abin da fegin ke dannawa. Idan aksil ɗin baya ko jimlar motar ta haura abin da ke jikin ƙofa, zaɓi biyu ne ya rage: a koma ƙaramin gida, ko a sayi babbar mota.