Zafi, Ɗumi da Sanyi a Turanci

Yawancin magungunan da ake saye a Dambatta ko Bichi, da Turanci ake rubuta bayaninsu. Haka ma maganin ƙwari da irin shuka na leda. A cikin bayanin akwai kalmomi huɗu da kan ruɗa mai koyo: hot, warm, cool da cold.

Hot shi ne zafi sosai, kamar ruwan da aka sauke daga murhu, ko ranar bazara a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai 40 a ƙasar Kano.

Warm, wanda ake faɗa "wom", shi ne ɗumi, kamar madarar da aka tatso yanzu. Ruwan ɗumi ba ya ƙona hannu. Idan aka ce a shafa wa yaro mai zazzaɓi warm water, ruwan ɗumi ake nufi, ba na zafi ba, ba na ƙanƙara ba.

Wajen sanyi ne aka fi kuskure. Bahaushe kalma ɗaya yake faɗa, Bature kuwa ya raba ta biyu. Cool, wato "kul", sanyi ne mai daɗi, kamar ruwan randa ko inuwar tsamiya. Cold kuwa sanyi ne mai tsanani, kamar ƙanƙara ko asubahin hunturu.

A jikin kwalin magani akan ga an rubuta store in a cool dry place. Ma'anarsa, a ajiye a wuri mai sanyi-sanyi marar danshi. Ba sai da firij ba. Lungun ɗakin ƙasa ya isa, nesa da murhu da rana, inda yara ba sa kaiwa. Amma yawancin alluran rigakafi, na yara da na dabbobi, cold suke bukata, tsakanin 2 da 8 a ma'auni. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗauko su a akwatin ƙanƙara. In suka sha zafi, ƙarfinsu ya tafi.

A lura kuma, cold tana nufin mura. Maganin da aka rubuta cold and catarrh a jikinsa na mura ne.

Wanda ya ga kalmar da bai gane ba, ya tambayi malamin aji ko ma'aikacin asibiti kafin ya yi amfani da maganin. Matambayi ba ya ɓata.