Yadda aikin baƙo ke shiga jerin manhajojin kula da uwar garke

Duk wanda ya taɓa kai albasa kasuwar Aliero, ko ya sauke kaya a kasuwar Jega, ya san cewa kyawun haja kaɗai ba ya sayar da ita. Baƙo na buƙatar dillalin da zai tsaya masa, wanda masu saye suka sani, kuma za su iya komawa gare shi idan an sami tangarɗa.

Irin wannan tsari ne ke aiki a fagen buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda ake bayyana rubutun asalinsu domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Kowa na iya rubuta ƙari a kan irin wannan manhaja, amma shigar da ƙarin cikin jerin da jama'a ke dubawa wani mataki ne daban, wanda ya dogara a kan amana.

Batun ya shafi ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda gwamnatin jihar Kebbi ta kafa a 2006, da ma duk ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin kula da kwamfutocin makaranta, asibiti ko ofis.

Mabuɗan gida

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye shafukan intanet da wasiƙun imel da bayanan ma'aikata, tana raba su ga sauran kwamfutoci. A al'ada ana sarrafa ta ne ta hanyar rubuta mata umarni layi bayan layi, aikin da ke buƙatar ƙwarewa.

A 1997 wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Ostareliya, Jamie Cameron, ya fitar da manhajar Webmin, wadda ke ba mai kula da uwar garke damar yin wannan aiki daga wani shafi mai maɓallai da guraben cikewa.

An gina ta ne a kan ƙananan sassa, waɗanda za a iya kira rassa. Wani reshen na buɗe wa ma'aikata asusu, wani na kula da manhajar Apache mai fitar da shafukan intanet, wani kuma na kula da rumbun bayanai na MySQL. Rassa sama da ɗari ne ke zuwa tare da ita, sauran kuwa mutanen waje ne ke rubuta su.

Haɗarin shi ne, Webmin na aiki da cikakken ikon babban mai kula da kwamfutar. Reshen da aka jona mata kan gaji wannan iko: yana iya karanta kowane fayil, ya goge shi, ko ya buɗe wa wani asusu a ɓoye. Sanya reshen baƙo tamkar miƙa masa mabuɗan gida ne.

Abin da ake nema daga marubuci

A ɗauka, alal misali, wata ɗaliba a Aliero ta rubuta reshen da ke lura da ƙarfin batirin sola, yana kashe uwar garke cikin tsari kafin wuta ta ƙare. Irin wannan aiki zai amfani wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas. To amma kafin wani a Jega ko Maiyama ya same shi, akwai matakai.

Da farko sai ta bi tsarin da manhajar ta shimfiɗa. Kowane reshe na da ɗan fayil mai suna module.info, inda ake rubuta bayanin aikinsa, lambar fitowarsa, irin kwamfutocin da yake aiki a kansu, da sauran rassan da ya dogara da su. Kalmomin da mai amfani ke gani a allo kuma ana ajiye su a wuri dabam, abin da ke sa a iya fassara su zuwa wani harshe, har da Hausa, ba tare da an taɓa cikin manhajar ba.

Na biyu shi ne lasisi. Ita Webmin tana ƙarƙashin lasisin BSD ne, yayin da wasu marubuta kan zaɓi GPL. Aikin da ba a bayyana lasisinsa ba, a doka ba kowa ke da izinin rarraba shi ba, ko da kuwa yana bainar jama'a.

Na uku, sai a ɗaure reshen cikin ƙunshi guda, a ajiye shi a adireshin da ba ya sauyawa, sannan a aika wa masu kula da manhajar sunansa da bayaninsa da inda za a same shi, domin su sanya shi a jerin rassan mutanen waje da ke shafinsu.

Na huɗu kuwa shi ya fi wuya: ci gaba da kula da aikin. Manhajoji na sauyawa, kuma reshen da aka yi watsi da shi kan daina aiki ko ya zama ɓarakar da masu kutse za su bi.

Jeri iri biyu

Ba duk jeri ne ke da nauyi ɗaya ba. Wani jerin allon nuna hanya ne kawai: yana faɗin abin da ke akwai da inda yake, ba tare da alƙawarin cewa an binciki kowane layi ba.

Wani kuma rumbu ne mai ƙofa da mai gadi. Misalinsa shi ne Debian, tsarin Linux da Ian Murdock ya assasa a 1993. A can, sabon marubuci kan fara da sanar da niyyarsa a fili, sannan ya nemi ɗaya daga cikin amintattun mambobi ya duba aikin, ya shigar da shi da sa hannunsa. Wannan shi ne dillalin. Daga nan sabon ƙunshin zai jira a layi har wani rukuni na musamman ya tantance lasisinsa.

Wanda ya shiga kuma yana iya fita. Webmin kanta an cire ta daga rumbun Debian a tsakiyar shekarun 2000, bisa buƙatar wanda ke kula da ita a can, bayan kulawar ta yi rauni.

Lokacin da aka ci amana

Ko manyan ma ba su tsira ba. A watan Agustan 2019, wani mai bincike ɗan ƙasar Turkiyya ya bayyana wata ɓaraka a Webmin a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON da ke Las Vegas a Amurka. Daga baya aka gano cewa ɓarauniyar hanya ce da aka dasa da gangan.

Masu kutse sun shiga kwamfutar da ake haɗa ƙunshin manhajar tun 2018, suka sauya sashen da ke kula da canza kalmar sirri. Rubutun asali da ke GitHub lafiya lau yake, amma ƙunshin da jama'a ke saukewa daga SourceForge ya gurɓata. Fitowa ta 1.890 zuwa ta 1.920 ne abin ya shafa, aka kuma toshe shi a ta 1.930.

A watan Maris na 2024 kuma, wani injiniyan kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Bincikensa ya tono ɓarauniyar hanya a manhajar matse fayil ta xz. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekaru biyu yana ba da gudummawa har aka amince masa da fitar da sababbin ƙunshi. Hausawa kan ce da ɗan gari akan ci gari. An yi sa'a abin bai kai ga tabbatacciyar fitowar Debian ba.

Kafin a danna maɓalli

Saboda haka nauyin bai tsaya a kan masu kula da jeri kaɗai ba. Ma'aikacin da ke shirin sanya reshen baƙo a kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya, ya kamata ya san wanda ya rubuta shi, da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe, da ko rubutun asalinsa na bayyane. Ya kuma fara gwada shi a wata kwamfuta dabam, bayan ya ajiye kwafin bayanansa.

Ita kuwa waccan ɗaliba da aka kawo misali da ita, abin da zai sa a amince da aikinta shi ne suna tsayayye, lasisi bayyananne, da amsa ƙorafin masu amfani shekara bayan shekara, ko tana zaune a Aliero ko a wani gari.