Kimiyyar Ajiye Guzuri a Daji Kafin Fita Farauta

A ƙasar Sakkwato lokacin farauta shi ne rani, bayan an kau da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ana hango dabba daga nesa. Sai dai kuma a wannan lokaci ne tafkuna ke ƙafewa, idan kuwa bazara ta kama, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Don haka ba ƙarfin maharbi ko yawan karnukansa ke yanke nisan tafiyarsa ba. Ruwa ne ke yankewa.

Tarihi ya nuna haka. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Dajin Gundumi da ke gabas da Sakkwato a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, kuma sai da ayarinsu ya kwana ya wuni yana tafiya ba yada zango, saboda tsoron mahara da rashin mashaya. A shekarun baya-bayan nan matsalar tsaro ta hana mutane da yawa kusantar wannan daji, amma lissafin ruwan bai canza ba.

Bari mu yi lissafin. Mutumin da ke tafiya a ƙasa cikin zafin bazara yana iya zubar da zufa lita 1 a awa guda, wani lokaci fiye. Mu ɗauka yana bukatar lita 6 a yini. Tun da nauyin lita 1 ta ruwa kilo 1 ne, tafiyar kwana 5 za ta ɗora masa kilo 30, ban da abinci da makami. Wanda ya yi dakon wannan kaya ba zai iya bin sawun gada ba. Mafita ita ce a riga zuwa da jaki, a ajiye guzurin wuri-wuri a kan hanya, ranar farauta a fita da ɗan kaya mara nauyi. Buzaye masu fataucin gishiri tsakanin Agadas da Bilma su ma sukan bar damman ciyawa a hanya, raƙuma su ci idan ana komowa.

To, me ya sa binnewa ta fi rataya a bishiya? Dalili shi ne busasshiyar ƙasa ba ta saurin miƙa zafi, domin iskar da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi tana tare shi. Da tsakar rana doron ƙasa yana iya kai digiri 60, har ya gagari taku ba takalmi, amma a zurfin santimita 50, wato kimanin kamu guda, bambancin zafin dare da rana ya kusa ɓacewa. Malaman kimiyya za su iya gwada wannan a filin makaranta: a sa ma'aunin zafi ɗaya a saman ƙasa, a binne ɗaya a rami, ɗalibai su rubuta abin da suka gani da safe, da azahar, da magariba.

A nan akwai abin da zai ba mai karatu mamaki. Tulun da muke yabo a gida saboda sanyaya ruwa shi ne mafi muni wajen ajiyar daji. Sanyinsa yana zuwa ne daga ruwan da ke nasowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, ya zama tururi, ya tafi da zafi. Ma'ana, tulu yana biyan kuɗin sanyi da ruwan cikinsa. Idan aka binne shi, busasshiyar ƙasa za ta riƙa zuƙar ruwan, danshin kuma ya kirawo gara da tururuwa. Salka ma haka take. Abin da ya dace shi ne mazubin da ba ya naso, kamar jarka mai murfi da ba a taɓa zuba mata fetur ko maganin ƙwari ba. Mafarautan hamadar Kalahari a kudancin Afirka sun daɗe da gane wannan: sukan cika ɓawon ƙwan jimina da ruwa, su toshe bakin, su binne.

Abinci kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ya bushe shi ke daɗewa. Kusan kashi 75 cikin ɗari na ɗanyen nama ruwa ne, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa hayayyafa sai da ruwa. Mai kilishi yana yanyana nama siriri ya shanya, ga gishiri da ke riƙe ɗan ruwan da ya rage, shi ya sa kilishi ke yin watanni alhali tsire ba ya kwana biyu. Fura ba ta ajiyuwa, amma garin gero, da ƙuli-ƙuli, da dabino suna jurewa. Sai dai a yi hattara da kayan gyaɗa. Idan danshi ya taɓa su sukan yi fumfuna, wani nau'insa kuma yana fitar da gubar afalatokzin mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna na zubarwa ne, komai yunwa.

Saura ɓarayin daji. Gara tana cin buhu, da tabarma, da ƙwarya, don haka ba a haƙa rami kusa da suri, kuma gwangwani mai murfi ya fi buhu. Kura da dila da hanci suke aiki, rami mara zurfi kuwa ba ya ɓoye ƙanshin nama. A kan tudu ake haƙawa, ba a kwari ba, kada ruwan farko ya cika ramin.

Abu na ƙarshe, wanda a ganinmu ya fi duka wuya, shi ne gane wurin. A 1911 ayari biyu sun yi tseren isa ƙuryar kudu ta duniya, inda babu komai sai ƙanƙara, kuma dukansu sun dogara da ajiyar da suka yi a hanya. Roald Amundsen na ƙasar Nowe bai tsaya ga tuta ɗaya a kan ajiyarsa ba. Ya jera tutoci masu lamba a gicciyen hanya, kilomitoci da dama gabas da yamma, ta yadda ko ya kauce zai ci karo da ɗaya, lambarta ta gaya masa inda zai nufa. Ya isa ranar 14 ga Disamba, ya komo lafiya. Robert Scott na Ingila kuwa ya riƙa tarar da kananzir ɗinsa ya ragu a gwangwanaye saboda murafun ba su rufu sosai ba, kuma ya mutu a Maris 1912 saura kimanin kilomita 20 ya isa babbar ajiyarsa.

A dajinmu alama ba ta da tabbas ita ma. Wutar daji tana cinye kututture, mai saran itace yana kayar da bishiya, iskar hunturu tana shafe sawu. Saboda haka a zaɓi alamu biyu masu ɗorewa da ke nesa da juna, kamar tsohuwar kuka da fa, a ƙirga taku daga kowanne zuwa bakin ramin, sa'an nan a gaya wa abokin tafiya adadin.