BAYANI A KAN WATA DA TAURARIN ƊAN ADAM

Sau da yawa talakawa sukan ga wani ɗan haske yana tafiya a sama bayan magariba, su kai labari wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Waɗansu su ce alamar fari ce, waɗansu su ce annoba ke tafe. An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu su san gaskiyar al'amarin, su kwantar wa jama'a da hankali.

Mabiya Iri Biyu

Masana ilmin taurari sun lura cewa a sararin sama ƙaramin abu yakan kewaya babba, kamar yadda bara ke bin ubangidansa. Irin waɗannan mabiya kashi biyu ne. Akwai na halitta, akwai kuma waɗanda mutane suka ƙera.

Wata shi ne mabiyin duniya na halitta. Nisansa wajen mil 239,000 ne, ba shi kuwa da hasken kansa, na rana yake maidowa. Yakan gama kewaya duniya cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i. Amma da yake ita ma duniya tafiya take yi tana kewaya rana, daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne. Shi ya sa wani watan yakan yi kwana 29, wani 30. Ba duniya kaɗai ke da wata ba. Mirrihi yana da biyu. A shekarar 1610 wani masani na ƙasar Italiya, Galileo, ya hango huɗu suna kewaya Mushtari. Zuhura kuwa ba ta da ko ɗaya.

Abin Da Ya Hana Su Faɗowa

Duniya tana jan kowane abu zuwa gare ta, shi ya sa dutsen da aka jefa sama yake dawowa. To, a dubi yaro mai majajjawa. Muddin yana juya ta, igiya na riƙe da dutse, gudu kuma ya hana dutsen faɗuwa. In igiya ta tsinke, dutse ya wuce. In gudu ya ragu, ya faɗo. Jan da duniya ke yi shi ne igiyar. Wata yana gudun wajen mil 2,300 a sa'a guda, wannan ya ishe shi saboda yana nesa, inda jan ya yi rauni. Abin da ke kusa da duniya kuwa sai ya yi wajen mil 17,500 a sa'a kafin ya zauna bisa hanyarsa.

Waɗanda Mutane Suka Ƙera

Da masana suka gane wannan ƙa'ida, abin da ya rage shi ne roka mai ƙarfin da zai kai kaya can sama da irin wannan gudu. Ran 4 ga Oktoba, 1957, Rasha ta harba na farko, mai suna Sputnik. Ƙwallon ƙarfe ne, nauyinsa bai kai na buhun gero biyu ba, yana kewaya duniya cikin minti 96. Bayan wata uku ya gangaro cikin iska ya ƙone. Amurka ta harba nata a farkon 1958.

Ƙasar nan ta shiga wannan aiki tun da wuri. A Kano aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawun kumbon John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku a 1962. A watan Agusta na 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kenedi na Amurka ta wani tauraro mai suna Syncom 2. Nijeriya ta sami nata na farko a 2003, daga Rasha aka harba shi.

Yanzu dubbai ne a sama. Waɗansu na duban gajimare su nuna zuwan hadari. Waɗansu na ɗaukar hoton gonaki da dazuzzuka da ambaliyar koguna. Waɗansu na nuna wa matafiyi hanya. Masu kai maganar waya da talabijin da yawansu ana ajiye su a nisan mil 22,200 bisa tsakiyar duniya. A nan kewayensu yakan yi daidai da juyawar duniya, kwana ɗaya, sai a ga kamar a tsaye suke. Shi ya sa faifan talabijin ke fuskantar wuri guda kullum.

Yadda Za A Gane Su

Tauraron ɗan adam yakan bayyana bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska shi a sama. Tafiyarsa a miƙe take, ba ƙara, ya ƙetare cikin 'yan mintoci. Jirgin sama yana da fitilu masu ƙyaftawa. Tauraro mai zubowa kuwa kafin ƙiftawar ido ya ɓace. Tun daga 2019 akan ga waɗansu a jere kamar ayari, sababbi ne da aka harba tare.

Ana roƙon hakimai su bayyana wa dagatai da masu unguwa cewa waɗannan abubuwa ba su hana ruwa, ba su kawo cuta. In wani ƙarfe ya faɗo a daji, kada kowa ya taɓa shi. A sa masa tsaro, malamin hakimi ya rubuta rana da wuri, a aika wa hukuma nan da nan.