Maganin cutar da ke kashe tsiron shinkafa yana cikin irin kansa

Ɗan'uwa matashi, in ka taɓa rainon irin shinkafa kafin dashe, ka san takaicin nan: ka zuba iri mai kyau, ka ba shi ruwa, bayan kwanaki ka tarar wani bai ko fito ba, wani ya fito ya yi ɗorawa ya kwanta. Sai a ce ai iri ne mara kyau. Sau da yawa kuwa ɓarnar daga ƙasa take. Akwai ƙwayoyin cuta dangin funfuna, irin su Pythium da Fusarium da Rhizoctonia, da ke zaune cikin ƙasa mai laima suna ruɓar da saiwa tun tana jaririya.

Wata daga cikin cututtukan ma abin mamaki gare ta. Mutanen Japan suna kiranta bakanae, wato "wawan tsiro", domin tsiron da ya kamu yakan zarce 'yan'uwansa tsawo, ya yi siriri, daga baya ya mutu ko ya ƙi yin ƙwaya. Ta fi bin iri, amma tana ɓuya a ƙasa da ragowar karan bara. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya nuna cewa wani sinadari da funfunar ke fitarwa ne ke jawo wannan tsawo.

To ina mafita? Wanke iri da magani yana taimakawa, sai dai kuɗi ne duk shekara, kuma cutar kan saba da maganin. Shi ya sa masana suka koma neman kariya a cikin ƙwayoyin gadon shinkafar, waɗanda ke jere a kan kuromosom 12. Tun 2005 aka kammala karanta tsarin gadon shinkafa, aka tarar da ƙwayoyin gado fiye da 37,000. Aikin shi ne a gano wace ce a cikinsu ke tsare saiwa.

Ga yadda ake yi. A tara nau'o'in shinkafa ɗaruruwa, a sa musu cutar da gangan, a ƙirga waɗanda suka rayu. Sannan a ba kwamfuta ta kwatanta tsarin gadon masu jurewa da na waɗanda suka mutu, har a ga inda suka bambanta. Wata hanyar kuma a haɗa auren iri mai jurewa da mara jurewa, a bi jikokinsu. Da wannan hanya ta biyu masana a Koriya ta Kudu suka gano wani gurbi a kan kuromosom na 1, suka sa masa suna qBK1, suka wallafa a 2015. Da zarar an san gurbin, mai inganta iri zai iya gwada ɗan guntun ganye ya san tsiron da ya gaji juriyar, ba sai ya jira kaka ba.

Kada ka ɗauka labarin ƙasashen waje ne kawai. FARO 66 da FARO 67, da aka fitar a Najeriya a 2017 don jure ambaliya, da irin wannan dabara aka samar da su, bayan gano ƙwayar gadon Sub1. Sai dai ka sani, juriyar da ta yi aiki a Koriya ba lallai ta yi a fadamar Kebbi ko Kura ba, don ƙasa da yanayi da jinsin cutar sun bambanta. Dole a gwada a nan, da irinmu, har da shinkafar Afirka ta asali da ake nomawa a kwarin kogin Neja shekaru dubbai.

Nan ne fa kake da gurbi. Cibiyoyi irin su ta binciken hatsi da ke Badeggi da AfricaRice aikinsu ke nan, kuma aiki ne da ke buƙatar wanda ya iya lissafi da kwamfuta, ya kuma san laka. In kana karatun aikin gona ko kimiyyar halittu, koyi nazarin bayanai tun yanzu. In kuma a gona kake, ka lura da nau'in da ke tsira inda saura suka ruɓe, ka ajiye irinsa daban, ka sanar da malamin gona.